Darasi na 9: Danna Hoto ko Rubuta Umarni? Hanyoyi Biyu na Kula da Sabar

MANUFOFIN DARASI

Idan aka kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin abin da ake nufi da sabar, da irin aikin da mai kula da ita yake yi;
2. bambance fuskar hotuna da layin umarni;
3. karanta ƙaramin umarni na Linux ya gane abin da yake nufi;
4. duba aikin da ke gabansa ya san wace hanya ta fi dacewa da shi;
5. sanin haɗarin da ke cikin kowace hanya da yadda ake kauce masa.

1. KWAMFUTAR DA BA TA BARCI

Duk sa'ad da kuka duba sakamakon jarrabawar yaro a waya, ko kuka tura wa wani kuɗi daga bankinku zuwa nasa, wata kwamfuta ce a can wani wuri take karɓar buƙatar ta mayar da amsa. Ba a kashe ta idan dare ya yi, ba ta zuwa hutun salla. Sau da yawa ko allo babu a jikinta, balle linzami. Tana jere ne da ire-irenta a wani ɗaki mai sanyi, ba abin da ake ji sai ƙugin fanka. Wannan ita ce sabar.

> AKWATIN MA'ANA
> Sabar: kwamfutar da aka keɓe don yi wa wasu kwamfutoci da wayoyi hidima, kamar ajiye fayiloli, riƙe shafin intanet ko raba imel. Wasu suna kiranta uwar garke.
> Mai kula da sabar: ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin ganin sabar tana aiki lafiya. A ofisoshi an fi ce masa admin.

Aikin admin ba ya ƙarewa. Shi ne zai buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, ya rufe na wanda ya bar aiki, ya sabunta manhajoji, ya ɗauki kwafin ajiya, ya sa ido kada ma'ajiya ta cika. In abu ya tsaya cikin dare, wayarsa ake kira. Kuma da yake sabar tana iya zama a Legas ko a Jamus shi kuwa yana Zariya, ba safai yake taɓa ta da hannu ba. Daga nesa yake ba ta umarni, ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu.

2. HANYOYIN BIYU

Kusan kowa a cikinku ya taɓa tura kuɗi ta hanya biyu. Akwai manhajar banki, wadda take jera muku abubuwa ku zaɓa da yatsa. Akwai kuma lambobin nan da ake dannawa, masu farawa da tauraro, waɗanda ko ƙaramar waya mai madannai tana yi. Manhaja ba ta buƙatar hadda, amma tana son data da sabis mai ƙarfi. Lambobin sai an riƙe su a ka, sai dai wanda ya saba da su yakan gama kafin manhaja ta gama buɗewa. To, kusan haka abin yake a wajen kula da sabar.

> AKWATIN MA'ANA
> Fuskar hotuna: tsarin da kwamfuta take nuna tagogi, alamomi da maɓallai, mutum ya zaɓa da linzami ko da yatsa. A littattafan Turanci za ku ga an taƙaita sunan da GUI.
> Layin umarni: tsarin da mutum yake rubuta abin da yake so da haruffa, ya danna madannin Enter, kwamfuta ta amsa a rubuce. A taƙaice ana rubuta CLI. Masu aikin sukan ce masa tamina, 'yan kallo kuma su ce baƙin allo.

Layin umarni ne babba a shekaru. Lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a kamfanin Bell Labs na Amurka a 1969, da na'ura mai kama da tafireta ake magana da kwamfuta. Tagogi da linzami sun haɗu ne a kwamfutar Alto ta kamfanin Xerox a 1973, sannan Macintosh na Apple ya kai su gidajen mutane a 1984. Ganin haka, mutum zai zaci baƙin allo ya zama tarihi. A kwamfutar gida da ta ofis ya ja baya ƙwarai, amma a ɗakin sabar bai gusa ba. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, ya gaji tsarin Unix, kuma har yau idan aka girka Ubuntu Server babu taga ko ɗaya a cikinsa sai in mutum ya ƙara da kansa.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne Microsoft. Kamfanin da ya yi suna da tagogi, har ya sa wa hajarsa suna Windows, shi da kansa ya fito da PowerShell a 2006, wato layin umarni na zamani. A Windows Server 2008 kuma ya kawo wani zaɓi mai suna Server Core, inda ake girka sabar ba tare da cikakkiyar fuskar hotuna ba. Masu kula da ɗaruruwan sabar ne suka gaji da danne-danne.

A kula, fuskar hotuna a wajen sabar iri biyu ce. Akwai wadda mutum yake ganin allon sabar gaba ɗaya a kan tasa kwamfutar, kamar yana zaune a gabanta, misali Remote Desktop na Windows. Akwai kuma allon sarrafawa da ake buɗewa ta burauza kamar shafin intanet, irin su cPanel, Webmin da Cockpit. Wannan na biyun ya fi sauƙi a kan sabar, kuma shi kamfanonin da ke ba da hayar wurin ajiye shafi suka fi miƙa wa abokan cinikinsu.

3. YADDA AKE KARANTA UMARNI

Abin da ke tsorata sabon shiga shi ne ganin haruffa a jere babu bayani. Amma umarni yana da tsari, kuma tsarin ba shi da wuya. Da farko sunan aikin, sai sharaɗin yadda za a yi shi, wanda yakan fara da ɗan karan nan (-), sai abin da za a yi aikin a kansa. Duba wannan:

tail -n 20 rajista.log

A nan tail yana nufin a nuna ƙarshen fayil, -n 20 yana nufin layi 20, rajista.log kuma shi ne sunan fayil ɗin. Jimla ce cikakkiya: nuna mini layi 20 na ƙarshe na wannan fayil. Idan mutum ya manta sharuɗɗan wani umarni, sai ya rubuta man a gaban sunansa, kamar man tail, bayaninsa zai fito.

> AKWATIN MA'ANA
> Rajistar aiki: fayil ɗin da sabar take rubuta abin da ya faru a cikinta, da lokacin da ya faru. A Linux galibi suna cikin folda /var/log.
> sudo: kalmar da ake sa wa a gaban umarni don a yi shi da cikakken ikon babban asusu.

Misali na 1: Ma'ajiya ta cika

A ce wani ƙaramin asibiti yana ajiye katunan marasa lafiya a sabar. Da safiyar Litinin manhajar ta ƙi karɓar sabon suna, ga layi ya fara tsawo a bakin taga. Admin ya gwada buɗe allon sarrafawa ta burauza, shi ma ya ƙi shiga. Sai ya shiga ta layin umarni ya rubuta:

df -h

Wannan yana nuna yawan wurin da ya rage a ma'ajiya. Amsa ta fito, a cikinta akwai wannan layi:

/dev/sda1   50G   50G   0   100%   /

Ku karanta daga hagu zuwa dama: sunan ma'ajiyar, girmanta gigabait 50, an cinye 50, saura sifiri, wato ta cika maƙil. An gano ciwon, saura abin da ya kawo shi. Sai ya rubuta:

sudo du -sh /var/log/*

Wannan zai jera girman kowane abu da ke cikin foldar rajista. Ya ga guda ɗaya ta kai gigabait 38. Da ya leƙa ƙarshenta da tail, sai ya tarar kuskure ɗaya ne manhajar take ta maimaita rubutawa dare da rana. Umarni uku, an san inda matsala take.

Me ya hana allon sarrafawa buɗewa? Shi ma manhaja ce da ke zaune a kan wannan sabar, kuma yakan buƙaci ɗan wurin da zai rubuta bayanin shigar mutum. Ma'ajiya ta cika, ina zai rubuta? Wannan abu ne da ya kamata ku riƙe: ranar da sabar ta shiga matsala, sau da yawa fuskar hotuna ce take fara faɗuwa. Wanda bai san komai ba sai ita, a ranar zai tsaya yana kallo.

4. AIKIN DA AKE MAIMAITAWA

A nan ne layin umarni ya yi wa fuskar hotuna nisa, don haka za mu ɗan daɗe.

Misali na 2: Asusun ɗalibai 300

Wata makaranta ta ɗauki sababbin ɗalibai 300, kowa yana buƙatar asusu a sabar ɗakin kwamfuta. Ta fuskar hotuna, admin zai danna maɓallin sabon asusu, ya rubuta suna, ya zaɓi rukuni, ya danna a ajiye, ya koma farko. A ce kowane ɗalibi yana cin minti 2.

300 × 2 = minti 600
600 ÷ 60 = awa 10

Awa 10 kenan na zama wuri ɗaya, in ba a ɗauke wuta ba, kuma in bai tashi salla ko cin abinci ba. Sannan duk wanda ya taɓa cike fom iri ɗaya sau ɗari ya san cewa daga wani lokaci ido yana gajiya. Zai tsallake wani, ya maimaita wani, ya sa wani a rukunin malamai.

Ta layin umarni kuwa, sai ya karɓi jerin sunayen daga ofishin rajista, ya zuba su a fayil mai suna sunaye.txt, kowane suna a layinsa ba tare da tazara a tsakiya ba. Sannan ya rubuta:

for suna in $(cat sunaye.txt); do sudo useradd -m "$suna"; done

Ma'anarsa ita ce: ɗauki sunayen da ke cikin wannan fayil ɗaya bayan ɗaya, ka buɗe wa kowanne asusu da foldarsa, har su ƙare. Kafin ya gama shan ruwa an gama. Ko da haɗa wannan layi ya ɗauke shi rabin awa yana gwadawa yana gyarawa, har yanzu riba ce. Baɗi kuma in an ɗauki wasu 300, fayil ɗin sunaye kawai zai canza.

> AKWATIN MA'ANA
> Rubutaccen jerin umarni: fayil da aka jera umarni a ciki don kwamfuta ta bi su da kanta daga farko zuwa ƙarshe. Masu aikin suna ce masa sikirif.
> cron: manhajar Linux da ke tayar da aiki a lokacin da aka sa mata, misali ɗaukar kwafin ajiya kullum da ƙarfe 2 na dare.

Saurin ba shi ne babbar fa'idar ba, a ganina. Babbar fa'idar ita ce abin da aka rubuta yana nan. Ana iya karanta shi kafin a aiwatar, a nuna wa wani ya duba, a tura wa abokin aiki ta WhatsApp ya yi daidai yadda aka yi. Idan admin ya bar aiki, wanda ya gaje shi zai buɗe fayil ya ga yadda aka tsara komai. A Linux ma akwai umarnin history, da ke jero abin da mutum ya rubuta a baya. Amma wanda ya daidaita sabar da danne-danne wata shida da suka wuce, ku tambaye shi wane akwati ya yi wa alama a taga ta huɗu. Sai ya ce bari ya tuna.

Wannan tunani ne ya haifar da kayan aiki irin su Ansible, wanda ya fito a 2012. Da shi admin yake rubuta yadda yake so sabar ta kasance a fayil ɗaya, sannan a aiwatar a kan sabar 10 ko 1,000 lokaci guda. Ba za mu shiga cikinsa a wannan mataki ba.

5. IDAN SABIS YA YI RAUNI

> AKWATIN MA'ANA
> SSH: hanyar shiga layin umarnin wata kwamfuta daga nesa, wadda take sirranta duk abin da ke wucewa tsakani. Tatu Ylönen ne ya ƙirƙire ta a Finland a 1995.
> Ƙofa: lambar da kowace hidima take sauraro ta kanta a sabar. SSH tana amfani da ƙofa ta 22, Remote Desktop 3389, Webmin 10000, Cockpit 9090.

Misali na 3: Kira daga ofis, admin yana ƙauye

Admin ya je ɗaurin aure a ƙauye, sabis sanda ɗaya, sai aka kira shi cewa shafin kamfani ya tsaya. Idan ya ce zai shiga ta Remote Desktop, dole a riƙa aiko masa da hoton allo. Allo mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo fiye da miliyan 2, kuma ko da yake ana matse hoton kafin a aiko, a irin wannan sabis sai ya motsa linzami ya jira ya ga ya motsa. Tamina ta gargajiya kuwa harafi 80 ne a layi, layi 24.

80 × 24 = harafi 1,920

Allo cike da rubutu bai wuce kilobait 2 ba, bai kai ko ƙaramin hoton da ake turawa a waya ba. Don haka sai ya haɗa kwamfutarsa da wayarsa, ya shiga ta SSH, ya rubuta:

sudo systemctl restart nginx

Wato a sake tayar da manhajar da ke riƙe da shafin. Ya koma wajen walima.

Ga wata dabara da za ta amfane ku a inda sabis yake yawan yankewa. Kafin ku fara aiki mai tsawo ta SSH, ku fara buɗe manhajar tmux. Ko layi ya yanke, aikin zai ci gaba a can cikin sabar, in kun dawo ku rubuta tmux attach ku same shi inda yake.

6. INDA FUSKAR HOTUNA TA FI

Akwai wani girman kai da ke damun wasu masu baƙin allo, su ɗauka duk mai riƙe da linzami bai iya aiki ba. Kada ku koyi wannan. Akwai wuraren da hoto ya fi rubutu nesa ba kusa ba.

Misali na 4: Imel guda ɗaya

Wata mai sayar da atamfa da leshi tana da shafin intanet, ta ɗauki sabon yaron shago tana so ta buɗe masa imel da sunan shagon. Ta shiga cPanel, ta danna alamar imel, ta rubuta suna da kalmar sirri, shi kenan. Aikin da za ta yi sau ɗaya ko biyu a shekara ne. A ce sai ta koyi daidaita manhajar imel ta layin umarni, an zalunce ta, kuma an ɗauke ta daga kasuwancinta.

Haka kuma wajen lura da lafiyar sabar. Idan aka jera muku lambobi 500 na yadda sabar ta yi aiki cikin mako, da wuya ku ga komai. Idan aka zana su a jadawali, kamar yadda manhajar Grafana take yi, nan take za ku ga cewa kullum da ƙarfe 9 na safe layin yana harbawa sama. Ido yana kama siffa kafin ya kama lamba.

Fuskar hotuna tana kuma nuna wa mutum abin da bai san yana nan ba. Baƙin allo ba ya ba da shawara, jira kawai yake yi. Taga kuwa tana jera zaɓuɓɓuka, takan hana a rubuta harafi a gurbin lamba, takan tambaya ko an tabbata kafin ta goge abu. Wasu tagogin ma sun zama malamai: tun daga Windows Server 2012, a cikin Active Directory Administrative Center akwai wani sashe da ke nuna umarnin PowerShell da ya yi daidai da abin da mutum ya danna. Ku danna, ku leƙa ƙasa ku ga yadda ake rubuta shi, gobe ku rubuta da kanku. Cockpit ma yana da tamina a cikinsa.

7. HAƊARIN KOWACE HANYA

Layin umarni ba ya jayayya. Abin da aka rubuta shi zai yi, ko ba shi aka nufa ba. A Linux, fayil ɗin da aka goge da rm ba ya zuwa kwandon shara da za a je a ɗauko, zarar bunu ne. Ku dubi waɗannan layuka biyu da kyau:

rm -rf /home/ajiya/tsoho
rm -rf /home/ajiya /tsoho

Bambancinsu tazara ɗaya ce. Na farko zai goge foldar tsoho da ke cikin ajiya. Na biyu, saboda tazarar da ta shiga, kwamfuta za ta ɗauka abu biyu aka ba ta, sai ta goge ajiya gaba ɗaya da duk abin da ke cikinta, ba tare da ta tambaya ba.

Kada ku zaci sababbin shiga kaɗai abin yake samu. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, yana aikin gyara cikin dare, ya ba da umarnin goge rumbun bayanai a kan babbar sabar, yana zaton a kan ta biyu yake. Kafin ya farga ya tsayar, kusan gigabait 300 sun tafi. Da aka juya ga kwafin ajiya sai aka tarar yawancin hanyoyin da aka dogara da su ba sa aiki. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin haɗarin ne ya cece su, abin da aka yi a cikin waɗannan awanni kuwa ya salwanta. Wata guda bayan haka, ranar 28 ga Fabrairu, wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure wajen shigar da wani ɓangare na umarni, sai aka cire sabar da yawa fiye da yadda aka yi niyya a hidimarsu ta S3. Shafuka da manhajoji masu yawa sun tsaya na kusan awa 4. Abin koyi a nan shi ne gyaran da Amazon ya yi daga baya: ya canza kayan aikin yadda ba zai yarda a cire sabar da yawa haka a lokaci ɗaya ba, ko wane ne ya ba da umarnin.

Matakan kariya ga mai amfani da layin umarni:

- Kafin umarni mai gogewa, a rubuta hostname don a tabbatar a kan wace sabar ake.
- A fara sa ls a gurbin rm, a ga jerin abin da zai tafi, sannan a goge.
- Kada a kwafo umarni daga intanet a liƙa alhali ba a fahimce shi ba.
- A riƙa gwada dawo da kwafin ajiya lokaci-lokaci. Kwafin da ba a taɓa gwadawa ba, ba a san ko yana aiki ba.

Haɗarin fuskar hotuna daban ne, kuma ba ya fitowa fili da wuri. Kowace manhaja da aka ƙara a sabar tana cin ƙwaƙwalwar aiki, tana buƙatar sabuntawa, kuma galibi tana buɗe sabuwar ƙofa. Masu kutse suna da manhajojin da ke zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi. A watan Mayun 2019, Microsoft ya sanar da wata ɓaraka a Remote Desktop, wadda aka yi wa laƙabi da BlueKeep, da ke iya ba ɗan kutse damar shiga tsofaffin Windows ba tare da kalmar sirri ba. Girman abin ya sa har Windows XP, da aka daina kula da shi tun 2014, sai da aka fitar masa da gyara. A watan Agustan wannan shekarar kuma aka gano cewa an saka wata ɓoyayyiyar hanyar shiga a wasu nau'o'in Webmin da mutane suka sauke. Don haka in za a yi amfani da allon sarrafawa, kada a bar ƙofarsa a buɗe ga duniya, a taƙaita ta ga kwamfutocin da aka sani, a kuma riƙa sabunta shi. SSH ma ana ƙwanƙwasa tata ƙofar, shi ya sa ƙwararru suke rufe shiga da kalmar sirri su koma amfani da mabuɗin sirri na lantarki.

8. TO, WANNE ZA A ƊAUKA?

Aikin ne zai faɗa. Kafin ku fara, ku tambayi kanku: sau nawa zan yi wannan? A kan sabar nawa? Akwai wanda zai buƙaci sanin yadda na yi shi nan gaba? Idan sau ɗaya ne, a sabar ɗaya, kuma ba ku saba da shi ba, ku buɗe taga ba tare da jin kunya ba. Idan kun ga kun danna abu iri ɗaya yau, kun danna jiya, za ku danna gobe, lokacin rubuta shi ya yi.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya ci gaba da allon sarrafawarsa, amma ya haddace umarni kamar goma ya riƙa amfani da su kullum har hannunsa ya saba: ssh, ls, cd, cat, tail, grep, df, du, systemctl da man. Bakwai daga cikinsu duba kawai suke yi ko nunawa, ba sa canza komai, don haka babu fargabar ɓarna wajen gwada su.

AIKIN GWAJI

A ɗakin kwamfuta, tare da malami, ku nemo girman wurin da ya rage a ma'ajiya ta hanya biyu: ta taga, sannan da df -h. Ku rubuta matakan da kuka bi a kowace hanya a takarda, ku ba na kusa da ku ya bi ba tare da kun yi masa bayani da baki ba. Ku lura da takardar da ya fi saurin bi daidai.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mece ce sabar? Kawo ayyuka huɗu da mai kula da ita yake yi.
2. Bayyana bambancin fuskar hotuna da layin umarni da kalmominka.
3. Fuskar hotuna a wajen sabar iri biyu ce. Faɗe su, da misali ɗaya ga kowanne.
4. Raba wannan umarni kashi uku ka faɗi aikin kowane kashi: tail -n 50 kuskure.log
5. A Misali na 1, me ya sa allon sarrafawa ya ƙi buɗewa?
6. Wani kamfani zai buɗe wa ma'aikata 180 asusu, kowanne yana cin minti 3 ta taga. Awa nawa aikin zai ɗauka? Wace hanya za ka ba da shawara, kuma don me?
7. Me ya sa SSH take aiki a inda Remote Desktop yake wahala? Mene ne amfanin tmux?
8. Mene ne bambancin rm -rf /home/ajiya/tsoho da rm -rf /home/ajiya /tsoho?
9. Wane kuskure aka yi a GitLab a 2017, kuma wanne daga cikin matakan kariya da aka lissafa zai iya hana shi?
10. Kawo ayyuka biyu da fuskar hotuna ta fi dacewa da su, da haɗari biyu da ke tattare da barin ƙofarta a buɗe.